Yadda ake ɗaure tanar ƙarya mai ƙarko don fatsa a ruwayen Jos

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield ko Bukuru, washegarin ruwan farko na watan Afrilu, ya san abin da ido ke gani. Ƙasa ta jiƙe, tana ta fito daga ramukanta, kwararar ruwa ta kwashe ta zuwa cikin kududdufi, karfasa kuwa ta taru a bakin gaɓa tana jiran rabonta. A irin wannan rana babu abin da ya kai tana kama kifi. Matsalar ita ce tanar gaske ba ta jure cizo biyu, kuma idan kana fatsa irin ta jifa da igiya mai nauyi, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan ƙuda saboda ƙwarin ƙarya da ake ɗaurewa a jikin ƙugiya, to tanar gaske tun a jifan farko za ta tsinke ta bar ka da ƙugiya tsirara.

Shi ya sa ake ɗaure ta ƙarya. Wadda ta fi suna a duniya ana kiranta tanar San Juwan, sunan wani kogi ne a jihar Niyu Meziko ta Amurka. Bayan an gama gina madatsar Nabaho a kansa a 1962, ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin madatsar ya zama mai sanyi, laka ta cika da ƙananan tanar ruwa, kifi ya saba da cinsu, masu fatsa kuma suka kwaikwaye su da guntun zare mai laushi. Ba ta da wuyar ɗauri ko kaɗan, yaro ɗan firamare zai iya. Amma wadda za ta kama kifi ashirin ba ta juya ba, ba ta zame ba, ba ta warware ba, ita ce ke buƙatar a zauna a yi bayani. Ni dai abin da hannuna ya koya mini shi ne ƙarkon wannan tana yana can ƙarƙashinta, a shimfiɗar zaren da ba a gani, kuma yawancin masu farawa can suke yin gaggawa sannan su zo su labta gam a sama suna neman gyara.

Kayan aiki tukuna. Ƙugiya lamba 10 zuwa 14 ta ishi karfasa, kuma ka tuna a lissafin ƙugiya, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantarta. Idan kaf kake nema, irin kifin da aka fara kiwo a gonar kifi ta Panyam a shekarun 1950, ko tarwaɗa, sai ka koma lamba 8 ko 6 mai kaurin waya. Na fi son mai ɗan doro, wadda bayanta ya lanƙwasa, domin tana ta fi zama a kai kamar mai motsi. Don mu fahimci juna, ƙugiya tana da ido inda igiya ke shiga, da jiki, da lanƙwasa, da tsini, da ƙaya wadda ke bayan tsinin.

Zare kuwa siriri ake so mai ƙarfi, na poliyesta ko na nailan, ja ko ruwan ƙasa. Kada ka kusanci na auduga, yana shan ruwa ya ruɓe. Wanda ake sayarwa musamman don wannan aiki za ka ga an rubuta 6/0 a jikinsa, amma zaren aikin wuya na injin surfani, wanda ke cike da shagunan kayan teloli a wajen Terminus, yana yin aikin, kuma yana da wata fa'ida: yana bajewa ya kwanta kamar kirtani maimakon ya murɗe ya yi kaifi. Sai siririyar wayar tagulla, wadda masu gyaran fanka da injin ruwa ke zubarwa. Ka roƙi guntun tsohon naɗi, zai yi maka shekara. Sai man farce marar launi, da allura, da almakashi mai tsinin baki, da laita, da bututun biro wanda aka cire masa tawada da bakinsa. Idan ba ka da maƙalin ƙugiya na musamman, filaya mai kullewa ta wadatar. Ka ɗaure ta a gefen tebur yadda ba za ta yi rawa ba. Abin shanya kaya guda ɗaya shi ma ka ajiye kusa, za ka maƙala shi a zare ya riƙa rinjayarsa duk lokacin da kake buƙatar hannu biyu.

Jikin tanar shi ne inda zaɓi yake. Asali ana yin sa da wata siririyar igiya mai laushi kamar karammiski, kaurinta bai wuce na tsinken ashana ba, gashinta gajere kuma a cushe. Akwai mai dogon gashi da mata ke saƙa da ita, wannan ba ta yi, tana jiƙewa za ta fara zubar da gashi. Kafin ka saya ka gwada: ka kama bakinta ka ja da farce, idan gashin ya biyo farcenka ka bar musu abinsu. Na biyu ita ce roba mai santsi irin ta ƙwallon wasan yara mai gashi-gashi. Na uku fata ce. Da karammiskin za mu fara, domin wanda ya iya shi ya iya sauran.

Ka fara da danne ƙayar ƙugiya da filaya har ta kwanta. Wasu na ganin asara ce, ni ban gani ba. Ƙugiya marar ƙaya ta fi saurin shiga, ta fi sauƙin fita daga bakin ƙaramin kifin da za ka mayar, kuma ranar da iska ta juyo da ita ta shige maka kunne ko yatsa za ka gode wa Allah. Wani abin kuma, yawancin tanar ƙarya wajen cirewa take lalacewa, lokacin da mutum ke murɗa filaya a bakin kifi yana tauna jikinta. Idan babu ƙaya, da yatsa biyu ka zare.

In kana son ta nutse da sauri, yanzu ne za ka zura ɗan dutsen ƙarfe mai huda ta tsinin ƙugiya, ƙaramar hudar tana gaba yadda za ta tsaya a bayan ido. Mai faɗin milimita 3 ya dace da lamba 12. Na farar tagulla ya isa ruwa marar zurfi. Na tangistin ya ninka shi nauyi fiye da sau biyu a girma ɗaya, shi ke kai tana ƙasa a kududdufi mai zurfi ko rafi mai gudu. Dalma kam ka rabu da ita, guba ce, kuma wasu daga cikin ruwayen nan, kamar madatsar Lamingo, daga gare su mutanen gari ke sha.

Maƙale ƙugiya ta wajen lanƙwasa, jikinta a miƙe, tsininta a ƙasa. Ka ɗan ƙyasta idon da farce. Idan ta yi ƙara kamar tsirkiya ta zauna, idan ta sunkuya ka ƙara matsewa.

Yanzu shimfiɗa, kuma nan nake so ka rage gudu. Ɗora zare a bayan ido, ka naɗa sau biyar a kan bakinsa don ya riƙe kansa, ka yanke rarar. Daga nan ka riƙa naɗawa zuwa baya, kowane zagaye yana taɓa ɗan'uwansa, kada ƙarfe ya leƙo ko kaɗan, har ka kai daidai saman inda ƙaya take. Ka dawo gaba haka nan, sannan ka sake komawa baya, amma a wannan zuwa na uku ka buɗe zagayen, ka bar tazara tsakani kamar zanen jikin sukuru. Dalili shi ne ƙarfe santsi ne da shi, duk abin da aka ɗaure a kansa kai tsaye sai ya juya. Shimfiɗa biyu na farko sun kama ƙarfen, ta ukun ta yi kaushin da jikin tana zai cije. Kowane zagaye yana ƙara wa zare murɗi ɗaya, don haka lokaci-lokaci ka sake shi ya rataya ya warware da kansa har ka ga ya baje. Ka tsoma bakin allura a man farce, ka shafa siririn layi a kan shimfiɗar, ka bar shi ya sha iska minti biyu. Wannan ɗigon da ke ƙasa ya fi goma da za a zuba a sama.

Wani tsoho mai ɗinkin hula a Gangare ne ya sa na gane wannan. Na je sayen zare da wata tana da na ɗaure a aljihuna, ya karɓa ya juya ta a tafin hannu, ya sa babban yatsa ya tura jikin, sai ga shi ya zagaye ƙugiya ya koma ciki.

"Ɗana, wannan ai ba ta da gindin zama," in ji shi. "Kai sama kake ƙullewa, ƙasa kuma ka bar ta a kan santsi."

Na ce, "Baba, to na ƙara gam ne?"

Ya girgiza kai. "Gam ba ya gyara zubi. Je ka yi mata shimfiɗa."

Bai taɓa riƙe sandar fatsa irin tawa ba, amma ya shekara yana kallon yadda zare ke kama abu.

Bayan shimfiɗa ta bushe, yanko wayar tagulla kamar tsawon ɗan yatsa biyu, ka kwantar da bakinta a gefen ƙugiya da ke fuskantarka, ka ɗaure ta tun daga tsakiyar jiki zuwa baya, ka bar tsawonta yana reto ta baya. Za mu dawo gare ta.

Yanko karammiski santimita 5 zuwa 6. Ka ƙona bakunansa biyu tun kafin ka ɗaura, don idan ka bari sai yana kan ƙugiya, harshen wuta ɗaya zai iya lasar zarenka aiki ya koma farko. Kada ka tura shi cikin wutar. Ka kunna laita, ka kawo bakin kusa da gefen harshen, wajen shuɗin, ka janye nan take. Za ka ga gashin ya tsuke ya yi tsini, ainihin siffar bakin tana ke nan, kuma narkewar ta liƙe zaren ciki yadda ba zai warware ba. Idan ya yi baƙin dunƙule mai tauri ya ƙone da yawa, yanke ka sake.

Ɗora shi a gadon bayan ƙugiya yadda santimita 2 zuwa 2 da rabi za su wuce ta baya. Jela mai tsawo tana da kyau a ido, amma tana naɗe lanƙwasar ƙugiya wajen jifa, sannan karfasa mai ƙaramin baki jelar kawai za ta riƙa tsakura ba ta kai ga tsini ba. Riƙe karammiskin da ƙugiyar tare tsakanin babban yatsa da manuni na hannun hagu. Ɗaga zare sama ta tsakanin yatsun nan, ka sauke shi ta ɗaya gefen a sake, ka sake yin haka sau ɗaya, sannan ka ja shi sama a hankali har ya matse. Idan ka matse tun a zagayen farko, zaren zai tura karammiskin ya gangara gefe. Ƙara zagaye uku a wuri guda, kowanne a jikin ɗan'uwansa. Sai ka ɗaga jelar ka yi zagaye biyu a ƙarƙashinta a kan ƙugiya kawai, ka ɗaga na gaba shi ma ka yi biyu a ƙarƙashinsa. Waɗannan su ne ƙafi, sun tokare shi gaba da baya yadda ko kifi ya ja jela ba zai zame ba.

Riƙe ragowar karammiskin sama, ka tafi da zare gaba a kan ƙugiya har ka kusa ido, ka bar fili kamar faɗin idon kansa. Kwantar da karammiskin a kan jiki, kada ka ja shi ya miƙe tsam, kada kuma ka bar shi ya yi doro. Ɗaure shi kamar yadda ka yi a baya: biyu a sake, ka matse, uku a kai, biyu a ƙarƙashi. Abin da ya rage ya wuce ido ta sama santimita 1 da rabi zuwa 2. Idan akwai dutsen ƙarfe, a bayansa kake ɗaurewa, karammiskin ya hau ta kansa.

Yanzu waya. Naɗa ta zuwa gaba zagaye huɗu ko biyar a buɗe, ta haɗe karammiski da ƙugiya, amma ta kishiyar hanyar da zarenka ya bi. Idan zare yana tafiya daga gabanka ya haura, ita ta fito daga can ta gangaro gare ka. Ta haka take gicciye zaren ta danne shi, ko haƙorin kifi ya yanke zagaye ɗaya sauran ba za su bi ba. Tana kuma ba jikin ɗan gaɓa-gaɓa irin na tanar gaske da ɗan ƙyalli a ruwa mai laka. Da ta iso gaba ka kama ta da zagaye uku na zare. Kada ka yanke ta da almakashi, za ka dakushe shi kuma za ta bar tsinin da zai yanke maka zare. Ka riƙe ta ka riƙa juyawa kamar farfela, za ta karye daidai gindi.

Ƙulli na ƙarshe a ƙarƙashin karammiskin gaba ake yi. Tanƙwara shi baya da yatsa, ka naɗa zare sau biyu a bakin bututun biro, ka kifa bututun a kan idon ƙugiya, ka zame naɗin ya sauka a bayan ido, ka ja. Yi haka sau uku. Mai dutse sai ya yi ƙullin da yatsu a bayan dutsen. Yanke zare, ka ɗauki man farce da bakin allura ka taɓa ƙullin ta ƙasa kawai. Kada ya taɓa karammiski, domin yana tsotsarsa ya sandare kamar tsinke, kifi kuwa da ya ji tauri zai tofar. Ka zura allura a ido ka tabbata man bai toshe shi ba.

Ta roba ita ce ta fi kowacce motsi a ruwa, ko ruwan tsaye yake jelarta na karkarwa, kuma kifi na son ta ƙwarai. Amma ita ce ta fi rauni, ta hanya uku. Zare mai murɗi yana yanka ta kamar reza. Gam mai saurin kamawa da man farce suna cinye ta. Na taɓa ɗaure guda goma sha biyu da dare na ɗiga wa kowacce gam, da safe na tarar da jela goma sha biyu a zube a kan tebur. Sannan zafi yana narkar da ita. Mu a Jos sanyi ya rufa mana asiri, amma ka bar akwatinta a gaban mota ka gangara Abuja a watan Maris, za ka buɗe ka ga curi ɗaya. Maganin shi ne ka yi mata katifa. Ka tsefe ɗan ulu mai launinta har ya zama kamar auduga, ka murza kaɗan a jikin zare da yatsu, ka naɗa a kan shimfiɗa. Da wannan zaren mai riga za ka ɗaure robar, zagaye uku ko huɗu, a hankali, matsewa kaɗan-kaɗan. Ba waya, ba gam, ba man farce bayan roba ta hau. Ragowar ka naɗa ta a jikin ƙugiya zuwa gaba ba tare da ka ja ta sosai ba, don robar da aka ɗaure a miƙe tana jiran ranar tsinkewa ne kawai. Ka ajiye ta a akwati dabam, a inuwa. Duk da haka kada ka sa ran za ta yi tsawon ran ta karammiski.

Wadda na fi amincewa da ita a yanzu ita ce ta fata. Ka je wajen dukawa, ko can Naraguta inda aka san su da aikin fata, ka nemi yankakken ragowar fatar akuya mai laushi, siririya, ja ko ruwan ƙasa. Ɗora ta a kan katako, ka sa rula da sabuwar reza ka yanko tsiri mai faɗin milimita 2 zuwa 3, ka fiƙe bakunan da almakashi. Ɗaurin duk ɗaya ne da na karammiski, sai dai a nan kana iya matse zare iya ƙarfinka, ba abin da zai same ta. A bushe ba ta da kyan gani, kamar guntun igiyar takalmi. Ka jiƙa ta minti biyu ka murza, sai ta saki jiki ta yi silɓi, ta riƙa lanƙwasa da kowane motsin ruwa. Haƙoran karfasa ba sa yi mata komai. Ka fara jiƙa guntun fatar a kofi ka ga ko rininta na zuba, don wata tana komawa fari fat bayan awa ɗaya. Aibinta ɗaya, tana riƙe ruwa, idan ka rufe ta a akwati a jiƙe ƙugiya za ta yi tsatsa a ƙarƙashin zare inda ba ka gani, ta karye ranar da babban kifi ya kama. Ka soke ta a hula ko a guntun soso ta bushe kafin ka adana.

Kafin ka kai kowace tana ruwa ka yi mata jarrabawa uku. Tura jikin da babban yatsa ta gefe, kada ya juya. Ja jela da ƙarfi daidai, kada ta zame. Sannan ka jefa ta a kofin gilashi ka kalli yadda take sauka. Wadda ta tsaya a sama ta riƙe iska ne, ka matse ta a cikin ruwan da yatsu.

Launi bai kamata ya ɗauke maka hankali ba. Ja mai duhu da ruwan ƙasa na ruwa mai haske ne. Ruwan hoda da ja mai haske na damina ne, Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya koma kamar kunu. Ka ɗaura wasu ƙanana a lamba 14 da ja jawur, santimita 2 kacal, domin a lakar kududdufai akwai jajayen tsutsotsin wani ƙaramin ƙwaro mai kama da sauro, kifi yana cinsu rani da damina.

A ruwa kuwa, tana ba ta iyo, ɗaukarta ake yi. A rafi ka jefa sama da inda kifi yake, ka bar ta ta gangaro da gudun ruwa kusa da ƙasa, kada igiya ta ja ta. Ɗaura ɗan guntun ulu ko soso a saman siririyar igiyar gaba, nisan da ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi, ka zuba masa ido. Ya tsaya, ya nutse, ko ya karkata, ɗaga sanda nan take, don kifi ba ya daɗewa da abin da ba shi da ɗanɗano a baki. A kududdufi ka bar ta ta nutse, ka ja igiya kamar faɗin tafi, ka dakata, yawancin cizo a dakatawar yake zuwa. Tarwaɗa da ƙanshi da gashin baki take farauta, saboda haka tanar gaske za ta fi taka a wajenta, sai in ka ga tana kiwo a ruwa marar zurfi ka sauke mata a gaban hanci. Wanda ba shi da sandar jifa, doguwar gora da igiya daidai tsawonta za su kai wannan tana inda ake so.

Ka nemi izini kafin ka jefa ƙugiya a madatsa ko gonar kifi. Kududdufan kuza kuma ramuka ne da aka haƙa, gaɓarsu a tsaye take, taku ɗaya daga ruwan idon sawu sai zurfin da ya shanye mutum, kuma bayan ruwan sama bakin yana zaftarewa. Ka tsaya a busasshiyar ƙasa, kada ka shiga, ka tafi da abokin tafiya.